Fada ya zo da mai: shin Mama tafiya za ta yi?

(Hoto: bidiyon da ke yawo, an rufe fuskar tsohuwar)

Kun dai ga wannan bidiyon, ko a WhatsApp ko a Facebook. Tsohuwa zaune a bakin gado, Fada ya tsoma babban yatsa a 'yar kwalba ya shafa mata a goshi. Ƙasan bidiyon kuwa duk ta'aziyya: Allah ya ba ta hutawa, Allah ya ba ku haƙuri. Alhali baiwar Allah tana nan da ranta. Ku ƙara sauti ku ji, a duk ɗakin nan ba wanda ya kai ta ƙarfin "Amin".

Abin da ake yi mata shi ne shafewar marasa lafiya, ɗaya daga cikin sakramenti bakwai na Cocin Katolika. A gidaje da yawa a Kaduna, daga Kakuri zuwa Sabon Tasha, Narayi zuwa Gonin Gora, ana tsoronta kamar sammacin mutuwa. Akwai gidan da za a ce a kira Fada, sai babban yaya ya daka tsawa: "Haba, ai jikin Baba bai kai nan ba!" A wani gidan kuma, tun Fada bai kai bakin ƙofa ba an fara raɗa kan anko da hayar rumfa.

Tushen abin gajere ne. Wasiƙar Yakubu, sura 5, aya 14 da 15: in wani ba shi da lafiya, ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai da sunan Ubangiji. A Markus 6:13 ma almajirai sun shafa wa marasa lafiya mai, suka warke. Ku karanta wuraren biyu da kanku, ba maganar jana'iza a ciki.

To daga ina tsoron ya fito? Yana da dalili, kakanninmu ba su ƙirƙiro shi ba. Tun wajen ƙarni na 12 ake kiran wannan sakramenti "shafewa ta ƙarshe", kuma a aikace sai mutum ya kai gargara ake yi masa. Fada ya shafa idanu, kunnuwa, hanci, baki, hannuwa, ƙafafu, yana roƙon gafarar zunubin da aka yi da kowannensu. Da wannan koyarwar masu bishara na farko suka zo mana, ita aka haddace a ajin katikis. Sai babban taron Vatican na biyu, a 1963, ya ce sunan da ya fi dacewa shi ne shafewar marasa lafiya, kuma ba a ware ta don masu bakin mutuwa kaɗai ba. A 1972 Fafaroma Paul na Shida ya fitar da sabon tsari: goshi da hannuwa, shi ke nan. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, amma labarin bai gama zagaya unguwanninmu ba.

(Hoto: littafin dokokin coci, shafi a buɗe)

Nan ne wurin da nake so mu tsaya, don nan ake kuskuren: yaushe ake kiran Fada?

Dokar coci ta 1983, sashe na 1004, ta ce ana shafe mai bi wanda ya kai shekarun hankali, idan ya fara shiga haɗari saboda ciwo ko tsufa. Ku lura, fara shiga aka ce. Kuma an ambaci tsufa da sunansa. Ma'ana, Kaka mai shekara tamanin da 'yan kai, wadda ƙarfinta ya ragu a fili, ƙafa ba ta kai ta coci, tana kwana tana tashi a ɗaki, ta cancanta ko da likita bai rubuta mata wani babban ciwo ba. Wanda za a yi wa tiyata saboda ciwo mai haɗari ya cancanta, kuma kafin a shiga da shi ake yi. Mai shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon daji, mai ciwon ƙoda da ake wa wankin jini, duk sun shiga. Yaro ma, in ya yi wayon da zai gane abin da ake yi masa.

Mai mura bai shiga ba. Mai zazzaɓin da gobe zai tashi ya tafi kasuwa bai shiga ba. A nan ma akan wuce gona da iri: ran da aka yi shafewar jama'a a coci, sai ka ga saurayi ƙaƙƙarfa ya bi layi don kansa na ɗan sara masa. A yi masa addu'a, ya sha magani, ya bar wa tsofaffi layinsu.

Kuma ana maimaitawa. Wannan kaɗai ya isa ya kwantar da hankali. In mutum ya warke ya sake kwanciya, a sake shafe shi. In ciwon bai tafi ba amma ya ƙara tsanani, a sake. Akwai tsofaffin da aka shafe sau da dama, suka ci gaba da zuwa bikin jikoki suna ƙorafin gishiri ya yi yawa a miya.

Me jira ke jawowa? Ku biyo ni a hankali. Ga wanda ke kusa da tafiya, abubuwa uku coci ke bayarwa, a jere: furta zunubi, shafewa, sannan Jibin Ubangiji na ƙarshe, wanda ake kira guzuri. Guzurin nan shi ne ainihin na ƙarshe, shafewa na gabansa. To in kuka jira har Baba ya daina magana, furta zunubi ya wuce shi. In kuka jira har ya kasa haɗiya, guzuri ya wuce shi, don ba a sa Jibi a bakin wanda bai san inda yake ba. Saura shafewa kaɗai. Ita ana iya yi wa wanda ya suma, muddin an san da yana cikin hayyacinsa zai so. In kuwa rai ya riga ya fita, Fada ba zai shafa ba, don sakramenti na masu rai ne. Addu'a zai yi wa mamacin, ya ta'azantar da ku. Sai dai in ana shakka ko ya cika ko bai cika ba, nan doka ta ce a shafa.

Wato tsoron da ya hana ku kiran Fada da wuri, shi ne ya hana Baba biyu cikin uku. Kuma shi ne ke ƙara wa jita-jitar ƙarfi: an kira Fada ƙarfe biyun dare, Baba ya cika da asuba, gari ya waye maƙwabta na cewa "ka gani ko, da ma in aka shafa man nan..." Man bai yi komai ba, ku ne kuka makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni a ganina, yawancin wannan jinkirin tsoron 'ya'ya ne. Tsohon da ya yi shekara sittin yana zuwa Mas, ya binne abokai, ya ga masaƙun Kakuri sun rufe da haƙƙinsa a ciki, ya tsallake rikicin 2000 ya sake gina gida a wani gefen kogi, ganin Fada da kwalbar mai ba zai girgiza shi ba. Ku tambaye shi kai tsaye: "Baba, a kira maka Fada?" Sau da yawa amsar ita ce, "Da ma ina jira ku tambaya."

(Hoto: kwalaben mai uku a jere)

Man kansa, da sauri. Man zaitun ne, bishop ke sa masa albarka sau ɗaya a shekara, a Mas na musamman cikin Mako Mai Tsarki kafin Ista, bisa al'ada a babban cocin daiyosis, wato yankin da bishop ke kula da shi. Namu a Kaduna shi ne St. Joseph, a ƙarƙashin Akbishop Matthew Man-Oso Ndagoso. Mai iri uku ake keɓewa ranar, kowane coci ya ɗebi rabonsa. Na marasa lafiya shi ne wannan mai haruffa OI a jiki. In larura ta taso babu shi a kusa, Fada na iya sa wa wani man tsiro albarka nan take a cikin hidimar.

Kwalbar man zaitun na Goya da kuka saya a kanti fa? Ba laifi ba ne uwa ta yi wa ɗanta addu'a, amma wannan ba sakramenti ba ne, ko wa ya yi addu'a a kanta. Firist, wato Fada, ko bishop kaɗai ke shafewar marasa lafiya. Dikin ba ya yi, Sista ba ta yi, katikis ba ya yi. Abin da waɗanda aka ba izini cikinsu ke iya yi shi ne kawo wa mara lafiya Jibi har gida, kuma wannan babban aiki ne. 'Yan'uwanmu na ECWA, Baptist, HEKAN da Anglican su ma suna karanta Yakubu 5, fasto da dattawa na zuwa gida su yi addu'a, wasu da mai, wasu ba mai. Kowace ikilisiya da tsarinta, a tambayi fasto. Na Katolika nake bayani a nan.

(Hoto: ana shirya ɗaki)

Shirin ɗaki ba wuya. Ƙaramin tebur, farin ƙyalle mai tsabta, gicciye, kyandir. Kofin ruwan sha da cokali, da ɗan auduga. A kashe talabijin. In akwai tukunyar iskar numfashi a ɗakin, kada a kunna kyandir ko kaɗan, Allah ya san niyya.

Ga yadda take tafiya. Fada ya gaishe da gida, ya yayyafa ruwa mai tsarki. In Mama za ta furta zunubi, kowa ya fita, har da 'yar da ke cewa "ai ni ke kula da ita". A ja ƙofa. In an gama a dawo. Karatu kaɗan daga Littafi Mai Tsarki, 'yan roƙe-roƙe, sannan wannan... ku duba.

(Hoto kawai, daƙiƙa biyar, ba magana)

Ya ɗora mata hannu a ka, shiru. Ba mantuwa ya yi ba, haka tsarin yake, kada wani ya cike wurin da waƙa. Sai mai: goshi, ta ce Amin, tafin hannuwa, ta ce Amin. Abin da yake faɗa roƙo ne cewa Ubangiji, cikin ƙaunarsa da jinƙansa, ya taimake ta da alherin Ruhu Mai Tsarki, ya 'yantar da ita daga zunubi, ya cece ta, ya tashe ta. In goshi ko hannu na naɗe da bandeji, ko akwai allurar ƙarin ruwa, ya shafa a wani wuri mai lafiya, ya wadatar. Daga nan Addu'ar Ubangiji, Jibi, albarka. Minti ashirin zuwa talatin an gama.

Wajen Jibi ne ake samun 'yan matsaloli. Azumin awa ɗaya kafin karɓa bai hau kan tsofaffi da marasa lafiya ba, har da masu jinyarsu, sashe na 919 ya ɗauke musu. Don haka kada a hana mai ciwon sukari karin kumallo wai ana jiran Fada. Mai wahalar haɗiya, a gaya wa Fada tun farko, zai gutsura ɗan ƙanƙani, a bi da ruwa a cokali, a kuma zaunar da shi, kada a ba shi a kwance. Mai amai a dakata. Wanda tsufa ya rikita wa tunani, yau ya gane ku gobe bai gane ba, a zaɓi lokacin da ya fi natsuwa, galibi da safe. Za ku sha mamaki, wanda ya manta sunan jikansa sai ya bi Addu'ar Ubangiji daga farko har ƙarshe.

Shin tana warkarwa? Koyarwar coci ita ce: tana ba da ƙarfi, salama da ƙarfin hali na jure ciwo ko tsufa, tana haɗa wahalar mutum da ta Almasihu, tana kawo gafara in ya kasa furta zunubi, tana kuma maido da lafiyar jiki in hakan ne alheri ga ransa. Ba wanda ya ce a ajiye magani. Wanda aka shafe da safe, in yana da ganin likita a asibitin St. Gerard ko na Barau Dikko da rana, ya tafi.

Wata shawara tawa: ku daina korar yara daga ɗakin. Luka ya ba da labarin Hannatu, gwauruwa tsohuwa tukuf, ba ta rabuwa da Haikali, ita ce ta riƙa ba mutane labarin jaririn Yesu. Kakarku ƙafa ta hana ta zuwa coci, ta daina fita da Zumuntar Mata, amma jikan da ya ga ta miƙa tafin hannu da kanta, da duk ciwon da ke jikinta, ya ji wa'azin da ba zai samu a makarantar Lahadi ba. Kuma shi ne gobe ba zai ji tsoron kiran Fada ba.

Masu iya fita, coci-coci da dama na shirya shafewar jama'a a kusa da 11 ga Fabrairu, Ranar Marasa Lafiya ta Duniya, wadda Fafaroma John Paul na Biyu ya kafa a 1992. Akwai kuma ranar kakanni da tsofaffi, Lahadi ta huɗu a watan Yuli, tun 2021. A tanadi Keke Napep tun jajibiri.

Kuɗi? Ba a sayar da sakramenti, kuma doka ta hana a ƙi matalauci don ba shi da abin bayarwa. In kun sa wa Fada kuɗin man mota, kyautatawa ce.

Abin da ya fi ba masu ziyara wahala a Kaduna shi ne tsofaffin da ba a san da su ba. Mama sunanta na cocinsu na ƙauye, ko na tsohuwar unguwar da suka baro, yanzu tana ɗakin baya a gidan ɗanta a Kamazou, shi kuma wani coci dabam yake zuwa. Ku je ofishin cocin Katolika mafi kusa da inda take kwana, ku sa a rubuta ta cikin marasa fita. In kun kira waya ku faɗi abu huɗu: sunanta, kwatancen gida da alamar da za a gane, ko tana magana, ko tana haɗiya. In gaggawa ce ku ce gaggawa ce, kada ku tsaya "in Fada ya samu dama". Lambar ofishin kuma a rubuta ta a bango kusa da gadonta, don ranar da za a buƙace ta, mai lambar a waya yana iya kasancewa yana Abuja.