Lacca kan katin siriyal: ku duba cif ɗin, ku bar kallon kwali

Salamu alaikum jama'a, na can baya kuna jina ko? To madalla.

Wasunku za su ce wai wa ke amfani da ramin siriyal yanzu, abin da tsarinsa RS-232 ya fito tun 1960. To ku leƙa masana'antun Kakuri a Kaduna, ku duba sikelin auna mota, injin gwajin jini, inbata, na'urorin sadarwa na Cisco, da yawansu har gobe ta wannan rami mai ƙafa 9 suke magana da kwamfuta, yawancin sabbin kwamfutoci kuma ba sa zuwa da shi, shi ya sa ake sayen kati a soka a PCIe, wato ramin soka kati da ke cikin kwamfuta.

Nan fa ake shan wuya. Mutum ya ga an rubuta a kwali wai yana yi da Windows da Linux, ya biya kuɗinsa ya dawo shago ya soka, shiru kake ji. Ƙannena, direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane katin, cif yake bi, ɗan baƙin nan da ke tsakiyar katin. Ku haska tocilar waya ku karanta rubutun kansa, Oxford ne ko MosChip ko Exar ko CH382 na WCH, don ana samun kati biyu suna ɗaya amma cif daban.

A Linux da sauƙi, yawancinsu tsohon cif ɗin siriyal mai suna 16550 suke kwaikwaya kuma direban Linux mai suna 8250 ya san su, ka buga umarnin lspci -nn ka ga lambar katin, umarnin dmesg kuma ya faɗa maka sunan da aka ba ramin, kar ka nace wa ttyS0 don sau tari ttyS4 ne ko sama. Windows mai bit 64 kuwa ba ya karɓar direban da ba shi da sa hannun dijital, ɗan faifan cikin kwalin kuma galibi tsoho ne, wallahi abin na ba ni takaici, gara ka je shafin masu cif ɗin ka sauke sabo.

In ya hau kar ka yi saurin cewa an gama. Haɗa ƙafa ta 2 da ta 3 da ɗan waya, buɗe PuTTY, manhajar magana da ramin siriyal, ka yi rubutu, in haruffan suna dawowa a allo to kati lafiya lau, sai ka koma kan kebul, mai miƙewa injin yake so ko mai giciye. A Windows sunan ramin COM ne da lamba. Wata manhajar kuma COM1 kaɗai ta sani alhali Windows ya ba ka COM5, shiga Device Manager ka canza lambar.