Sauya Taragun Fasinja a Jiragen Ƙasa Masu Dogon Zango: Lissafin da Ake Yi Kafin a Sa Hannu a Kwangila

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da ma'aikatan layin dogo da ke wurin nan, barkanmu da warhaka. Maganarmu ta yau a kan taragun fasinja ne, irin waɗanda ke kwana a hanya, su yi yini biyu ko uku ba su ga garejinsu ba. Yaushe ake sauya su, guda nawa ake saye, kuma ta yaya ake shigar da sababbi aiki ba tare da an tsayar da zirga-zirga ba.

Abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne, tarago ba ya tafiya shi kaɗai. Yana cikin jeri, jerin yana cikin jadawali, jadawalin kuma yana kan wata hanya mai gadojinta da ramukanta da dakalin tashoshinta. Wanda ya fara zaɓen tarago daga hoto kafin ya auna hanya, zai yi shekara talatin ko arba'in yana biyan kuɗin kuskurensa, domin abin da tarago ke daɗewa ke nan.

Mu fara da tsohon da ke hannu. Kujera ta yage, fenti ya koɗe, na'urar sanyi ta mutu, duk waɗannan ba su sa a yar da tarago. Gangar jiki ake dubawa. A ɗaga shi a kan jak, a fitar da bogi, wato keken ƙarfe mai ƙafa huɗu da tarago ke zaune a kai, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A duba inda gangar ke hawa kan bogin, a duba bayan ƙugiya inda ƙarfin ja da na tunkuɗa ke sauka, domin nan tsagewa ke farawa. Tsatsa kuma tana da wuraren kwananta: ƙarƙashin banɗaki, ƙarƙashin ɗakin girki, gindin tagogi da matakalar ƙofa, duk inda ruwa ke tsayawa. Ido ba ya wadatarwa, sai an sa na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe ta nuna kaurin da ya rage. In gangar tana da lafiya, garambawul zai iya ƙara mata shekara goma ko sha biyar. A Kanada, jirgin da ke tafiya tsakanin Toronto da Bankuba har yanzu yana jan taragun da kamfanin Budd ya ƙera a 1954 da 1955, saboda da ƙarfen da ba ya tsatsa aka yi su. Amma su ma a 2022, da bincike ya tayar da shakku kan ƙarfinsu, sai da aka riƙa sa taragu marasa fasinja a gaba da baya a matsayin garkuwa har aka kammala gwaji. Abu na biyu da ke kashe tsohon tarago shi ne kayan gyara. Ranar da aka daina ƙera bawul ɗin birkinsa ko allon lantarkinsa, za ka ga gareji ya fara kwance wannan don ya tayar da wancan, kuma daga nan yawan taragun sai raguwa.

To an yanke shawarar saye. Guda nawa? Nan nake so mu daɗe, ku fito da biro.

Mu ƙaddara hanya ce da jirgi ke yi cikin awa 34, kuma kullum jirgi ɗaya ke tashi daga kowane ƙarshe. Jerinmu ya bar tashar farko ranar Litinin ƙarfe 6 na yamma. Zai isa ɗaya ƙarshen ranar Laraba ƙarfe 4 na asuba. A ba shi awa 10 na wanki, zuba ruwa, kwashe banɗaki, sauya zannuwan gado da duba birki, ya juyo ƙarfe 2 na rana. Zai dawo gida ƙarfe 12 na daren Alhamis, ya samu awa 18 a babban gareji, ya sake tashi Juma'a ƙarfe 6 na yamma. Ku haɗa: 34 da 10 da 34 da 18, awa 96, kwana huɗu cif. Tunda kullum ake tashi, jeri huɗu ake bukata. Ƙa'idar ke nan, tsawon zagaye a raba da tazarar tashi.

Yanzu ku dubi awa goman nan. In jirgin ya saba makara da awa biyar, abin da ya rage wa ma'aikata awa biyar ne. Ko dai su tashe shi a makare, makarar ta bi shi har gida, ko su rage aiki, kuma abin da ake fara ragewa shi ne duban ƙarƙashi, wanda fasinja ba ya gani. Mafita ta uku ita ce jerin ya kwana a can ya tashi washegari, wanda ke nufin jeri na biyar, ƙarin tarago goma sha biyu. Don haka a yi lissafi da lokacin da jirgi ke isa a zahiri, kada a yi da wanda aka buga a jadawali.

Mu ce kowane jeri tarago 12 ne: shida na zama, uku na kwana, ɗaya na cin abinci, ɗaya na kaya, ɗaya na janareta. Jeri huɗu, 48. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce a ƙara kashi 15 cikin 100 na ajiya, a sayi 55. Ajiya ba a dunƙule ake lissafa ta ba, iri-iri ake yi. Taragon zama ba ya maye gurbin na abinci. Na zama 24 ke aiki, huɗu na ajiya sun isa, 28. Na kwana 12, sun fi yawan famfo da ƙofofi da wayoyi, a ba su uku, 15. Na abinci huɗu ne kacal, amma dole ɗaya ya kasance a babban gyara, wani kuma yana tsaye a shirye, shida ke nan. Na janareta ma shida, domin in ya mutu jeri gaba ɗaya ya rasa wuta da sanyi. Na kaya biyar. Jimla 60. Kun ga duk lokacin da aka ƙara wani sabon nau'in tarago, an ƙara nauyin ajiya. Shi ya sa nake ganin gara nau'i huɗu ko biyar masu bogi iri ɗaya, birki iri ɗaya, ƙofa iri ɗaya, da nau'i tara kowanne da nasa kayan gyara. Sannan a raba na ajiyar gida biyu. Taragon da ke ajiye a tashar farko ba ya amfanar jirgin da ya lalace a nisan awa 34.

Sai awon hanya. Faɗin dogo kowa ya san shi, milimita 1,435 a mafi yawan duniya, 1,067 a wasu ƙasashe, 1,676 a Indiya, ba a cika kuskure a nan ba. Tsayi da tsawo ne ke kama mutane. Kamfanin Amtrak na Amurka yana da taragu masu hawa biyu da ake kira Superliner, waɗanda suka fara aiki a 1979. Tsayinsu ya kai mita 4.9, ba sa shiga ramukan da ke kai jirgi tashar Niyu Yok. Saboda haka jiragen dogon zango da ke shiga birnin suna amfani da masu hawa ɗaya, na yamma da Shikago kuma masu hawa biyu. Rukuni biyu ke nan da ba sa aron juna cikin sauƙi, domin mashigar da ke tsakanin taragun Superliner a hawan sama take, sai an sa wani tarago na musamman kafin a haɗa su da masu hawa ɗaya. Mai hawa biyu yana ɗaukar mutane da yawa a gajeren dakali, wannan gaskiya ne. Amma mai keken guragu da dattijon da gwiwa ta gaza ba sa hawa matakala jirgi na gudu, kuma duk wanda zai sayi tarago yau dole ya amsa tambayar yadda za su isa wurin cin abinci.

Indiya ta ba da darasin tsawo. Ta daina ƙera tsofaffin taragunta da ake kira ICF a 2018, ta koma sababbin da ake kira LHB, ƙirar da ta samo asali daga Jamus. Sababbin sun fi tsawo da kusan mita biyu, taragon kwana da ke ɗaukar 72 ya koma 80. Amma dakalin tasha da layin kaucewa ba su ƙaru ba, don haka jirgin da ke jan tarago 24 ya koma 22. Kuma tsofaffin kowanne yana samar da wutarsa daga juyawar ƙafa, sababbin kuwa daga taragon janareta ko kan jirgi suke sha. Ƙugiyarsu ma daban. Wato ba a zare tsoho ɗaya a cusa sabo ɗaya, jeri guda ake sauyawa.

Wutar nan ku sa mata ido. A Amurka volt 480 ake turawa cikin jeri, a Indiya 750, a Turai 1,000 ko 1,500 ko 3,000 gwargwadon ƙasa. Sabon tarago ya fi tsoho shan wuta, ga sanyi, ga girki da lantarki, ga soket a kowace kujera. A tara bukatar jeri gaba ɗaya a ranar da ta fi zafi, a gwada da abin da kan jirgi ko janareta ke iya bayarwa. In ba a yi ba, za a karɓi tarago 12 a tarar wutar ta goma ce.

Game da lokaci, kada kowa ya yi jadawali da ranar da ke cikin kwangila. Amtrak ya ba kamfanin CAF aikin tarago 130 a 2010, na ƙarshe bai iso ba sai 2021. Wasu jihohin Amurka sun ba da aikin taragu masu hawa biyu a 2012, a 2015 gangar gwaji ta kasa jure matsin fam 800,000 da doka ta gindaya, kusan tan 363, aka watsar da ƙirar aka koma wani kamfani. Don an ga hadari ba a zubar da ruwan tulu. A ci gaba da kashe kuɗi kan tsofaffin har sababbi su yi aƙalla zafi ɗaya da sanyi ɗaya suna aiki.

Kafin na farko ya iso, gareji ya riga shi shiri. Ramin duba ƙarƙashi ya kai tsawon jeri. Jak ya dace da wuraren ɗagawa na sabuwar ganga. A samu injin sassaƙe ƙafa, domin in birki ya kama ƙafa ta ja a kan dogo, wuri ɗaya ya baje, za ta riƙa dukan dogo tana kashe boris, kuma in babu injin a kusa tarago zai yi makonni a tsaye saboda aikin yini ɗaya. Banɗakin zamani tanki gare shi, yana bukatar injin zuƙa a ƙarshen hanya biyu, wani lokaci har a tsakiya. A ja wutar ƙasa zuwa layin ajiya don kada janareta ya kwana yana ci. A sa kayan gyara na shekarun farko cikin kwangilar, tare da izinin buɗe manhajar taragon, domin yau ƙofa ma kwamfuta ke buɗe ta.

Shigar da su aiki kuma hanya-hanya ake yi. A zaɓi hanyar da ke dawowa babban gareji da wuri, a fara gudu babu fasinja, da buhunan yashi a madadin nauyin mutane, a auna tazarar tsayawar birki, a tsaya a kowane dakali a ga tazarar matakala. Sannan jeri ɗaya ya fara ɗaukar mutane, da ma'aikacin kamfanin da ya ƙera a ciki, tsohon jeri kuma yana tsaye a shirye. Watannin farko sabon tarago ya fi tsoho lalacewa, kuma kusan kullum abubuwa huɗu ne: ƙofa, sanyi, banɗaki, manhaja. In hanya ɗaya ta cika da sababbi, a tace tsofaffinta, masu ƙwari su tafi su ƙarfafa wata hanya, raunana su zama kayan gyara. Raba sababbi ɗai-ɗai ga kowace hanya don kowa ya ɗanɗana yana faranta rai a ranar biki, amma yana tilasta wa kowane gareji riƙe kaya iri biyu da horo iri biyu na shekaru.

Horon nan shi ne abu na ƙarshe da lokaci zai ba mu. Birkin jirgi da iska yake aiki. Bututu ɗaya ya ratsa jeri daga kai zuwa wutsiya, a Turai cike da iska mai matsin bar 5, bar kuwa ma'aunin matsi ne. Direba ya rage matsin, kowane tarago ya kama birkinsa. A ƙarshen kowane tarago akwai famfon da ke rufe bututun lokacin da ake rabawa ko haɗawa. Ranar 1 ga Agusta 2019, jirgin kwana na Caledonian Sleeper da ya taso daga Landan da sababbin taragunsa ya wuce inda ya kamata ya tsaya a tashar Edinbara da kimanin mita 650. An raba jirgin a tashar Carstairs da ke kan hanya kafin Edinbara, an haɗa masa wani kai, an yi gwajin birki ya yi daidai, sai bayan gwajin famfon da ke tsakanin kan jirgi da taragon farko ya rufe ba da niyya ba, ana cikin ƙarasa aikin haɗawa. Direba ya ja birki, kan jirgi kaɗai ya amsa. Ma'aikacin da ke cikin taragu ne ya danna birkin gaggawa, kuma ba wanda ya ji rauni. Sabon tarago yana zuwa da famfo a wurin da hannu bai saba ba, da wayoyi da tiyo a jere daban. Saboda haka a sake rubuta matakan haɗawa ga kowane sabon nau'i, a kai masu haɗa taragu su yi da hannunsu da dare, da safar hannu da tocila, yadda za su yi a bakin aiki. Gwajin birki kuma ya zama shi ne aiki na ƙarshe. In wani ya sake shiga tsakanin taragu bayan gwaji, ko waya ɗaya ya taɓa, a maimaita gwajin daga farko, a ga iska ta fita a taragon ƙarshe kafin a ba direba hannu.

Wanda ke da tambaya a kan lissafin jeri ya fara, allon yana nan ban goge ba.