Amsoshin Tambayoyinku: In Saya Babbar Intakula?

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko daga Marwa take, daga wani direban Hilux mai shan gazuwal. Ya ce da zafi ya tsananta sai motar ta yi kasala, ga wani mai kayan gyara ya tallata masa ƙatuwar intakula 'yar Dubai, har da tiyoyinta, wai za ta ƙara ƙarfin inji. Ya saya?

To Malam direba, kada ka kwance bakin aljihu tukuna. Turbo matse iska take yi ta cusa wa inji, iska kuwa in ta matsu sai ta ɗau zafi, iskar oksijin da ke shiga ta ragu. Aikin intakula ke nan, ta huce iskar kafin ta isa inji. A Maris da Afrilu, da zafin Marwa da Garwa ke haura digiri 40, dole aikin ya yi mata nauyi. Amma yaushe rabonka da wanke wadda ke jikin motar? Ƙurar hunturu kan toshe ramukanta, wani lokaci kuma tiyo ne ya tsage yana zubar da iska. Makanike ya fara duba nan.

Girma ba shi ne ƙarfi ba. In intakular ta fi ƙarfin turbon, sai ka taka totur ka ji shiru na ɗan lokaci kafin motar ta amsa. In kuma aka kafa ta gaban lagireto ta tare masa iska, ranar da ka ɗauko kaya kana hawan tudun Ngaundere za ka ga allurar zafi tana tashi. Ni dai da nawa kuɗin, daidai injin zan nema.

Sai wani bawan Allah daga Kusiri, yana da intakula ta hannu da ya cire, yana tambaya yadda zai sayar ba rigima. Alhaji, ka toshe bakunanta, ka hura iska, ka tsoma ta cikin ruwa a gaban mai saye, yadda mai faci ke gwada tub. In ba kumfa, ta tsira. Ɗan maiƙo a ciki ba laifi. Amma in turbon motar fashewa ta yi, ka faɗa masa, don ɓurɓushin ƙarfe kan maƙale a ciki, injinsa kuma ya haɗiye.

Wasiƙa ta gaba daga Njamena take, kan batir.