Mura ta tafi, murya ba ta dawo ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi.

Da asuba ka ji ladanin garinku yana kiran salla, murya a dishe kamar ana jan kwano a ƙasa. Ka tambaye shi, ya ce mura ya yi, kuma ai ta sake shi tun makon jiya. A cikin gida kuma uwargida ta sunkuya ɗaukar tulu, tana ɗagowa sai ɗaki ya fara juya mata. Ita ma ba ta daɗe da tashi daga mura ba.

Ƙwayoyin bairos ne ke kawo mura, ire-irensu sun haura 200, kuma yawanci cikin kwana 7 zuwa 10 jiki yake gamawa da su. Kumburin da suka bari ne ba ya saurin sacewa.

A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tantani guda biyu, iska ce ke kaɗa su murya ta fito. Idan suka kumbura ba sa haɗuwa daidai, shi ne ka ji dishewa. Tari yana ta buga su da juna, ga hazon hunturu, ga ƙurar sussuka da shiƙa, ga hayaƙin kara a madafa. Ladan, malamin makarantar allo, dillali a kasuwar Maigatari, duk da murya suke aiki, ina za su bar ta ta huta? Alhali hutun ne maganin. Kuma raɗa ba hutu ba ce, tana wahalar da tantanin nan. Yawan gyaran murya ma haka. A rage magana, a yawaita shan ruwa, a yi sirace da ruwan zafi zalla. Zuma tana lafar da tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

Shi kuwa jiri, sau da yawa daga kunne yake. Akwai wata siririyar hanya daga bayan hanci zuwa kunne. Idan majina ta toshe ta, sai ka ji kunne ya yi ɗum, kai ya yi nauyi. Can ciki kuma akwai sashen da ke riƙe wa mutum daidaito, wanda ke sa ka yi tafiya ba tangaɗi. In bairos ya taɓa nan, hajijiya mai ƙarfi takan zo har da amai na 'yan kwanaki, tangaɗin ya bi mutum makonni kafin ya lafa. A irin wannan hali, Malam, ka haƙura da babur da hawa bishiya, a bar wa wani jan guga a bakin rijiya.

Wani jirin kuma daga kemis aka sayo shi. Magungunan mura irin su Piriton suna sa barci da jiri. Kafson nan ja da yalo kuwa asarar kuɗi ne kawai, ba ya kashe bairos. Zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini da hawan jini duk suna kawo jiri, kuma a asibitin sha-ka-tafi ma ana iya dubawa.

Dishewar da ta wuce mako uku tana buƙatar likita ya leƙa maƙogwaron, musamman ga mai shan taba. Tarin da ya haura mako biyu, a je a gwada kaki, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Amma idan jiri ya zo da karkacewar baki, ko rashin ƙarfin hannu ko ƙafa ɓari ɗaya, ko magana ta sarƙe, ko kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya, ko numfashi ya yi wuya, kada a jira gari ya waye. A nemi mota a tafi babban asibiti a daren.