Yaron da Nikotin Ya Kama: Yaya Za Mu Taya Shi Fita?

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, da ƙannena matasa da nake hangowa can baya, sannunku da zuwa.

Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa wurina, ta zaro wani ɗan abu daga jakarta ta ajiye a kan tebur, ta ce: “Malam, mene ne wannan? A aljihun wandon ɗana na tsince shi zan yi wanki.” Abin bai wuce tsawon yatsa ba, launinsa ruwan hoda, ka kai shi hanci sai ƙamshin alewa. Na ce mata sigarin lantarki ne. Ta yi shiru, can sai ga hawaye. Ta ce yaron nan ba ya warin taba, leɓensa bai yi baƙi ba, haƙoransa fes. Shekararsa 17, kuma daga baya muka gane ya kusa shekara biyu yana zuƙar abin a ɗakinsa, ba wanda ya sani.

Da ta share hawaye sai ta ce: “To me zan yi masa?” Ku lura da wannan magana, fuska biyu gare ta. Akwai “me zan yi masa” na hukunci, akwai na taimako. Ita a ranar na farko take nufi, kuma ban ga laifinta ba, zuciya ce ta uwa. Amma na biyun nake so mu tattauna yau, domin shi ne na ga yana aiki.

Sai mun fahimci abin da ya riƙe yaron kafin mu iya kwance shi. A cikin taba akwai sinadarin da ake kira nikotin. Idan aka zuƙa, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa, ya sa ta saki wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke sa mutum jin daɗi. Da an yi ta maimaitawa sai ƙwaƙwalwa ta sauya tsarinta, ta saba, ta fara jiran abin. Nikotin kuma ba ya daɗewa a jini; cikin kamar awa biyu rabinsa ya tafi. Nan ne yaro zai fara jin ƙunci, ransa na ɓaci ba dalili, karatu ya ƙi shiga. Ya zuƙa, sai ya ji wasai. Sai ya ce maka abin nan yana kwantar masa da hankali. Ba ƙarya yake yi ba, haka yake ji a jikinsa. Abin da bai gane ba shi ne, tashin hankalin da ake kwantar masa, nikotin ɗin ne ya kawo shi tun farko. Kamar wanda ya matse ƙafarsa da ƙaramin takalmi wuni guda ne don ya ji daɗin cirewa da yamma.

Me ya sa matasa musamman? Domin ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma ɓangaren da ke kula da yanke shawara da danne son rai shi ne ke zuwa ƙarshe. Ɗanyen icce ne, duk inda aka tanƙwara shi nan yake bushewa. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2012 ya nuna cewa kusan 9 cikin 10 na manyan da ke shan sigari kullum sun fara ne suna shekara 18 ko ƙasa da haka. Kamfanonin taba sun san wannan sarai. Ku tambayi kanku, dattijo ne ake nema da ƙamshin alewa da launin ruwan hoda?

Sigarin lantarki irin na yanzu wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro shi a 2003. A 2015 aka fito da wani iri mai suna Juul a Amurka, da wani salon nikotin mai laushi wanda ba ya ƙona maƙogwaro, har ɗan ƙaramin kwanso ɗaya yana ɗauke da nikotin kwatankwacin kwalin sigari mai kara 20. Zuwa 2019, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban manyan sakandare a ƙasar suna zuƙa. Birtaniya ta haramta sayar da irin wanda ake sha a yar daga 1 ga Yunin 2025, kuma yawaitarsa a hannun yara na cikin dalilan.

A nan dole in faɗi gaskiya, ko da wasu ba za su so ba. Sigarin lantarki bai kai sigarin wuta illa ba, domin hayaƙin taban da aka ƙona yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki suna haddasa ciwon daji. Shi ya sa a Ingila ake ba manyan mashaya shawarar su koma kansa a kan hanyarsu ta dainawa. Idan ka ce wa yaro duk ɗaya ne, zai duba wayarsa ya gane ka zuzuta, daga ranar ba zai ƙara yarda da maganarka ba. Faɗa masa yadda abin yake: ga babban da ya shekara 20 yana busa sigari, wannan tsani ne na sauka, gare ka da ba ka taɓa sha ba, ƙofar shiga ce. Turirin ba ruwa ba ne zalla, kuma abu ne sabo da ba a gama ganin ƙarshen abin da yake yi wa huhu ba.

Shisha kuwa ba sai na daɗe a kanta ba. Ruwan nan da hayaƙi ke ratsawa sanyaya shi kawai yake yi, ba ya tace dafin, ga kuma iskar gawayi mai guba a kai. Haka ’yan ƙunshin nikotin da ake cusawa ƙarƙashin leɓe: babu hayaƙi, amma kamun yana nan.

To, mu koma kan uwar nan. Na roƙe ta abu ɗaya: kada ta tare shi a ranar, kuma kada ta yi a gaban ƙannensa. Ta bari zuciyarta ta huce, ta same shi su biyu, ta ajiye abin a tsakaninsu, ta yi tambaya maimakon faɗa. Yaushe ka fara? Da wa? Me kake ji idan ba ka samu ba? Ka taɓa gwada bari? Wannan ta ƙarshen ita ce mabuɗi. Da yawa daga cikin yaran da na zauna da su sun riga sun gwada dainawa a ɓoye sun kasa, kunyar kasawar ce ta rufe musu baki. Shi ma wannan yaro, da ta tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce sau uku yana jefar da shi, sau uku yana komawa ya sayo. Ya ce a ƙarƙashin matashinsa yake kwana, kuma kafin ya buɗe ido da safe hannunsa ya riga ya lalubo shi. Wanda yake haka ba taurin kai ke damunsa ba, kamu ne. Duka da zagi ba sa fitar da nikotin daga jini. Iyakarsu su koya wa yaro ya ƙware a ɓoyo.

Sannan kada ku dogara da tsoratarwa kaɗai. Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 duk shekara, kuma tana iya kashe har rabin waɗanda ba su daina ba. Amma ɗan shekara 16 ba ya hango shekara 60. Nemo abin da ke ci masa rai yau: numfashin da ke yanke masa a filin wasa, barcin da ba ya samu, kuɗinsa da ke zurarewa, ko takaicin cewa wani ɗan ƙarfe ne ke juya shi. Dalilin da ya fito daga bakinsa shi ne zai riƙe shi, ba wanda ka ɗora masa ba.

Idan ya amince, ku tsayar da rana, kada ta wuce mako biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka kafin ranar ku zauna ya lissafa lokutan da hannunsa ke kai wa: bayan cin abinci, cikin banɗaki, in ransa ya ɓaci, in yana tare da wasu abokai. Kowane ɗaya a shirya masa abin da zai maye gurbinsa. Ku gaya masa abin da zai tarar don kada ya firgita: kwana uku na farko su ne masu zafi, da fushi, da ciwon kai, da yunwa, da rashin barci, sannan abin ya riƙa sauka cikin mako biyu zuwa huɗu. Ita kuma sha’awar zuƙar, in ta taso, mintoci kaɗan take yi ta lafa, ko ya sha ko bai sha ba. Aikinsa kawai ya tsallake waɗannan mintoci: ya sha ruwa, ya tashi ya taka, ya ja dogon numfashi, ya kira wani. Ku mutanen gida kuma ku yi haƙuri da shi a makon nan, zai yi ta tsawa ba dalili.

Wayar da muke zargi ma tana da amfani. Wata ƙungiya a Amurka, Truth Initiative, tana da shirin tura wa matasa saƙonnin ƙarfafa gwiwa kullum, kuma binciken da aka wallafa a 2024 ya nuna kusan kashi 38 cikin 100 na yaran da suka samu saƙonnin sun daina, a kan kashi 28 na waɗanda ba su samu ba. Saƙo kawai! To ina ga uba ko yaya da zai tambaye shi kullum, “Yau kwana nawa?”

Idan kamun ya yi zurfi, a je wurin likita. Akwai filastar nikotin da ake mannawa a fata, akwai cingam da abin tsotsa, waɗanda ke ba jiki nikotin kaɗan-kaɗan ana ragewa, ba tare da hayaƙi ba. Akwai kuma ƙwayoyi irin su baranikilin. Ga wanda bai kai 18 ba, likita ne zai tsara, kada a saya a kan gaban kai. A kuma duba ko akwai damuwa ko baƙin ciki a ƙarƙashin abin, domin wani yaron ciwon zuciyarsa yake rufewa da hayaƙi.

Iyaye maza, wannan taku ce. Wanda kwali ke aljihunsa, maganarsa ba ta da nauyi a kunnen ɗansa, sai fa in ya ce, “Zo mu daina tare.” Kuma lokaci bai ƙure muku ba. Binciken da Richard Doll ya fara a kan likitocin Birtaniya a 1951, aka bi su shekara 50, ya nuna mashayi yana asarar kimanin shekara 10 na rayuwarsa, amma wanda ya daina wajen shekara 30 yana dawo da kusan dukkansu, wanda ya daina a 50 ma yana dawo da kamar shida.

Yaron nan ya yi kwana 19, ya je wajen abokai, ya zuƙa. Da dare ya ƙwanƙwasa ɗakin mahaifiyarsa ya faɗa mata da bakinsa. Ta kira ni da safe tana cewa komai ya rushe. Na ce mata: Hajiya, wata biyu baya yana ɓoye miki, yau shi ya kawo kansa. Suka zauna suka duba abin da ya ja shi, ya yarda zai ƙaurace wa wannan zaman na wata guda, suka sake tsayar da rana. Ganina da shi na ƙarshe yana cikin wata na biyar, kuma ya ce har yanzu wani lokaci da asuba hannunsa yakan shiga ƙarƙashin matashi, ya tarar babu komai, ya tashi.

Na ga hannuwa a sama. Ƙanwata ta can gefe, bismillah, fara da tambayarki.