Ambaliyar da ta zo babu hadari a sama

Assalamu alaikum, jama'a. Yau ina tsaye ne a gaɓar kogin Atabaska, a garin Fort McMurray da ke arewacin lardin Albata na ƙasar Kanada, kusa da inda kogin Clearwater yake zubowa a cikinsa. Farin shimfiɗar nan da kuke hange a bayana kogin ne da kansa, ya daskare tun shigowar hunturu.

Mu da muka tashi a ƙasar Hausa mun saba ambaliya tana biyo bayan hadari: gabas ta haɗe, ruwa ya tsuge a watan Agusta, sannan rafuka su cika su batse. A nan kuwa, ko an haɗa ruwan sama da dusar ƙanƙarar shekara guda, jimillarsu ba ta kai abin da Kano take samu a damina ɗaya ba, amma duk da haka ruwa yana cin gari.

Dalili shi ne, Atabaska daga kudu yake gangarowa zuwa arewa. Idan sanyi ya fara ja da baya, can kudu ake fara narkewa, sai ruwa ya kwaso manyan ɓaragusan ƙanƙara ya taho da su, ya tarar da nan har yanzu a daskare yake. Sai su hau kan juna su toshe hanya tamkar an gina madatsa, ruwan da ya rasa mafita kuma ya koma da baya, ya bi ta Clearwater ya shiga unguwanni.

Haka ya faru a ƙarshen Afrilun 2020, muna cikin kwanakin farko na azumi, ga kuma kullen korona. Toshewar ta kai tsawon kusan kilomita 25, aka kwashe mutane kimanin 13,000 daga gidajensu, har da ni da iyalina. A masaukin da aka ajiye mu muka ci gaba da sahur da buɗa-baki, bayan mun koma gida kuma muka daɗe sai mun tafasa ruwan famfo kafin mu sha. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wannan garin ne gobarar daji ta tasa a 2016, wasu ba su daɗe da kammala sabon gini ba.

A ganina, duk ɗan'uwan da zai kama haya a ƙasa-ƙasan gari ya fara tambayar inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2020, ya kuma riƙa bin sanarwar hukuma kullum idan Afrilu ya kama. Bari in matsa gaba kaɗan in nuna muku shingen ƙasar da aka ɗaga a bakin Clearwater.