Sharhi: Ina Ruwan da Aka Zubar Yake Tafiya?

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau a kan ruwan da aka gama amfani da shi ne a ƙauyuka: na wanka, na wanki, na wanke-wanke, da abin da ke tsiyaya daga masai.

In ka tara mutanen ƙauye, ko a wace nahiya, ka tambaye su matsalarsu ta ruwa, za su ce maka rijiya ta ƙafe, famfo ya lalace, rafi ya yi nisa. Da wuya ka ji wanda ya ce damuwarsa ita ce inda ruwan da ya zubar yake tafiya. Da zarar ya bi rariya ya fita bayan katanga, shi ke nan, ya tashi daga na kowa. A ganina wannan tunani ne tushen matsalar, domin ruwan bai je ko'ina ba. Ƙasa ce ta shanye shi, kuma a cikin ƙasar nan rijiyar maƙwabci take.

Ku tsaya a bakin famfon tuƙa-tuƙa da hantsi ku gani. Dandamalin siminti ya tsage. Ruwan da ya zuba daga bokitai ya taru ya zama taɓo, dabbobi suna sha suna kashi a ciki, yara suna tsallakawa ba takalmi. Ta wannan tsagar ruwan ke komawa ƙasa, gobe kuma a tuƙo shi a kai gida a sha. Duk wanda ya ɗaga kofi zai gan shi garau, ya ce ai ba komai.

Nan ne ido yake yaudarar mutum. Ƙwayoyin kwalara da taifot ba sa canza wa ruwa launi. Haka sinadarin naitiret, wanda ke shiga rijiyoyi daga masai da takin zamani: ba ya wari, ba ya ɗanɗano, tafasawa ma ba ta fitar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyaka, miligiram 50 a lita ɗaya, musamman saboda jarirai, don yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Akwai kuma masu cewa ruwa mai gudu ba ya riƙe dauɗa. Yana riƙewa, sai dai ya kai ta ƙauyen da ke gangare.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ake ɗaukar kashin jariri kamar ba ƙazanta ba ne, a wanke tsumma a watsar da ruwan a tsakar gida. A shekarar 1854 kwalara ta kashe mutum sama da 600 a wata unguwa ta birnin Landan. Likita John Snow ya bi gidajen mamatan, ya gano cewa mafi yawansu daga famfo ɗaya suke sha, na titin Broad. Da aka tona daga baya, sai ga ramin masai dab da rijiyar, wanda a ciki ake zubar da ruwan wankin tsumman wata jaririya mai zawo. Ruwa ba ya tsami banza.

Girman abin a yau ba kaɗan ba ne. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna mutum aƙalla biliyan 1.7 suna shan ruwan da bayan gida ya gurɓata, miliyan 419 kuma a fili suke bahaya, galibinsu mazauna karkara.

Ba na cikin masu cewa jahilci ne kawai. Talaka yana da abin da ya fi ramin ruwan wanka gaggawa a kansa. Amma an sha gina wa ƙauyuka masai kyauta, a dawo a tarar an mai da shi ɗakin ajiya, domin an kawo gini ba a taɓa tunanin mutane ba. Wannan ya sa wani masani ɗan Indiya, Kamal Kar, ya gwada wata hanya a ƙauyukan Bangaladash wajen shekarar 2000. Bai raba kuɗi ba. Ya sa mutane su zana taswirar ƙauyensu a ƙasa, kowa ya nuna inda yake zagayawa, sannan su bi hanyar da ruwan sama ke ɗauka daga nan zuwa inda suke ɗiba. Da idonsu suka ga abin da suke ci suke sha. Hanyar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. An soke ta, kuma da gaskiyar masu sukar, a wuraren da aka mai da ita kunyata marasa hali. Duk da haka ta tabbatar da abu guda: gida ɗaya ba ya iya kare kansa. Ko ka gina masai mafi kyau, in maƙwabcinka bai yi ba, ƙuda da ruwan sama ba su san iyakar gida ba.

Gyaran kuwa ba sai da injiniyoyin birni ba. Ƙa'idar da ma'aikatan tsabta ke bi ita ce masai ya yi nesa da rijiya da mita 30, ya kasance a gangarenta, gindinsa kuma ya ɗara ruwan ƙarƙashin ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. Ruwan wanka da na wanki a yi masa sokawe, rami cike da duwatsu da tsakuwa, a rufe. Mai yashe masai a nuna masa inda zai zubar, ba ya nufi rafi da dare ba.

Su kuma hukumomi da ƙungiyoyin da ke haƙa rijiyoyin burtsatse, aikinsu bai ƙare ranar da ruwa ya fito aka ɗauki hoto ba. Kada a karɓi rijiya daga hannun ɗan kwangila sai da lafiyayyen dandamali, da magudana, da sokawe. A kuma dawo a auna ruwanta bayan saukar damina, a karanta wa mutanen ƙauyen sakamakon a bainar jama'a.